Irin Masakin Rahab

Yau hukuma ce ke neman dabarar raba mutane da leda. A zamanin da Rahab ke tashe, a wani ƙauye kusa da Gozaki, wanke leda ake yi, a shanya a igiya, a ninke ta a ajiye kamar zanen zuwa majami'a.

Rahab matar Amos ce, kuma duk wanda ya san ta, da duma ya san ta. Nata irin masaki ne, ƙwaryar nan babba da za a yi wa jariri wanka a ciki, ya yi ta wutsil-wutsil bai taɓa gefe ba. Daga Bakori da Danja ake zuwa gonarta a zaɓa tun yana kore. Ƙwarya takan sayar, amma iri ko ƙwaya ɗaya ba ta bayarwa. Kakarta ce ta ba uwarta, uwarta ta ba ta. A danginsu, ranar da za a kai 'ya gidan miji, uwa kan ɗura mata irin a cikin gora da toka, ta toshe bakin da totuwar masara. Rahab kuwa 'ya mace ɗaya gare ta, Dinatu, auta bayan maza huɗu, kuma saboda ita take riƙon irin nan.

Sai dai baiwar Allahn nan akwai ta da tsayawa kallon abu. Takan tafi rafi ɗebo ruwa, a same ta tsugune tana kallon yashin da ke motsi a ƙasan ruwan, tulu na gefe babu ko ɗigo. A zumuntar mata ta majami'a ita ke kiɗan tulu, kuma sau nawa aka gama waƙa ita tana can tana bugu, ido a lumshe, sai an taɓa ta. Amos yakan ce ya auri mace ɗaya, amma rabinta kawai aka kawo masa.

A shekarar 1977 Amos ya ɗauko buhun takin zamani a keke daga Malumfashi. Da aka zazzage, sai ga wata farar leda a ciki. Rahab ta wanke ta, ta ɗaga ta sama, ta hango rumbu da kaji da mijinta ta cikinta, duk sun yi dishi-dishi kamar a mafarki. Ta zuba ruwa, bai zuba ba. Ta daɗe tsaye.

"Maigida, dubi ikon Allah. Abu a rufe, kuma kana ganin cikinsa."

"To, ki leƙa ki gano mana inda tuwon rana ya shiga," in ji Amos.

Daga nan ta shiga tara leda. Gishiri a leda, allura a leda, har takardar baftismarta. Kasuwa ma ta canza. Robobi ja da shuɗi suka cika rumfuna, masu zuwa zaɓen masaki suka ragu, ita ma ta rage shuka. Ba ta ji haushin roba ba, don ita ma launinsu na burge ta.

Sai daminar 1983 ta zo da rowa. Rahab ta shuka irinta, ya tsiro ya ƙone. Ta sake, ya ƙone. Karo na uku ta juye gorar kaf, ta riƙa ɗauko ruwa a ka tana ba shukar. Duma ɗaya tak ya kai, amma fa ya kai, don mutum biyu suka ɗauko shi zuwa gida.

Da aka fafe shi, ta jiƙa cikin ya ruɓe, ta tsince 'ya'yan, ta wanke, ta baza a faifai. Uwarta takan bar su kwana bakwai kafin ta kai su gora. Rahab ta bar su wuni guda. An riga an sa bikin Dinatu bayan Ista, ga shi duk abin da ya rage na irin kakarta bai fi cikin tafi biyu ba, kuma hankalinta ya ƙi kwanciya da ta zuba shi a duhun gora inda ba ta ganinsa. Ta zaɓi ledar da ta fi kowacce haske, ta juye, ta ƙulle bakin tam, ta rataye a taga.

Washegari ledar ta yi gumi daga ciki. Ƙananan ɗigo suka jeru, rana ta ratsa su suna ƙyalli. Da wata macen ce, da tuni ta kwance. Rahab sai ta ga raɓa ce, ta ce a ranta irin ne ke numfashi. Kullum da hantsi takan tsaya gabansa tana hango gidan da Dinatu za ta zauna a wajen Danja: duma ya haye danga, ya haye jinka, jikoki na wanka a masaki, wata 'yar da ba a haifa ba tana karɓar gora. Daɗi ya cika ta. Da hidimar biki ta taso, ta sauke ƙunshin, ta sa a ƙasan akwati don kada hannun baƙi ya kai.

Ranar kai amarya da safe ta rufe ɗaki, ta ɗauko gora da toka, ta kwance ledar. Wari ne ya fara tarbarta. Irin ya dunƙule baƙi ƙirin, funfuna ta rufe shi. Ta ɗauki ɗaya ta matsa, ya narke a yatsunta. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kunyar matan da suka riƙe abin nan shekara da shekaru da gora da toka kawai.

A waje mata na guɗa, an gama loda kaya a mota, robobi sun yi tsiri har sama. Dinatu ta zo cikin lulluɓi, ta tsaya a bayan ƙofa.

"Inna, ina gorata? Ana jira."

Rahab ta cika gorar da toka zalla, ta toshe, ta fito ta miƙa mata. Dinatu ta kai kunne ta girgiza. Ta sake girgizawa, sai ta yi dariya.

"Kai, Inna! Kin danƙare shi har ba ya motsi. Da ruwan farko zan shuka. Masakin fari naki ne, ni da kaina zan ɗauko miki a ka."

Rahab ta gyara mata lulluɓin, ta ce, "Allah ya kai mu, Auta."