Kadidia Mai Kes da Sunan Ɗan Fari

In ka je ƙaramin asibitin nan na bayan kasuwar dabbobi a Agadas, ba ka fita sai ka bi ta gaban Kadidia. Tana zaune bayan tagar kes, wato wurin biyan kuɗi, tabarau a kan hanci, ordinater, kwamfuta ke nan, a gabanta. Tun gashinta na baƙi take wannan aiki: duk wanda aka duba aka sallama, ita ke sa wa ciwonsa lamba. Zazzaɓi da tasa, tari da tasa, wankin rauni ma da tasa. Yaron da bai kai shekara biyar ba kuwa, lambarsa daban ce, in ta shiga uwa ba ta biyan ko dala. Sai dai na'urar nan ba ta san kunya ba, dole a ba ta suna da shekaru.

Ran wata Laraba sai ga Ramata, matar wani mai garka daga Dabaga, da ɗanta kwance a kafaɗa, jiki zafi rau. An duba shi, saura karɓar magani. Takardar haihuwa tana gida, abin da ke bakin zanenta na motar komawa ne, albasarsu kuma ba ta isa cira ba. In lambar nan ba ta shiga ba, haka za su koma ba magani.

"Yaya sunansa?" in ji Kadidia.

Ramata ta ɗaga kai tana kallon rufi. Ɗan fari ne, ko za a yanka ta ba za ta kama sunansa ba.

Wata ce da sai ta hau faɗa. Kadidia kam ta saba. Ta leƙo da kai ta taga, ta shiga jero sunaye kamar mai talla. "Haruna? Mubarak? Nomau?" Yaro ko motsi. "To, Alkasum?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Na'am."

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya, har uwar sai da ta rufe baki da mayafi.

"Madalla. Saura shekaru, ƙanwata."

"A garin nan na haihu, ana kiɗan bikin Biyanu."

"Bayan wannan, Biyanu nawa aka yi?"

Ramata ta ɗaga yatsu uku. Bikin sau ɗaya ake yin sa a shekara, shekara uku ke nan. Kadidia ta danna, lamba ta shiga, takarda ta fito. Wallahi daɗin da take ji a irin wannan lokaci ya fi na ranar albashi.

Ramata ta karɓo magani, sai ta dawo bakin taga. "Yaya, likitan da ya duba shi yana da kirki. Ina so maigida ya kawo masa lemu. Yaya sunansa?"

Kadidia ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta ɗaga kai tana kallon rufi. Likitan nan ɗanta ne na fari. Kullum yatsunta na rubuta sunansa a ƙarƙashin kowace lamba, bakinta bai taɓa furta shi ba.

Ramata ta dube ta, ta gane. Ta gyara wa yaro kwanciya, ta juya wajen ɗakin duba marasa lafiya, ta ɗaga murya.

"Haruna? Mubarak? Issouf?"

Daga ciki aka amsa, "Na'am."