Ƙasar da Malam Haladu Ya Kwashe a Kan Jakai

Na daɗe da barin aikin safiyo, amma akwai wata Laraba da har yau ban manta da ita ba. Cikin watan Afrilu ne, bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da uku, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe. Mu uku ne a ofishin shiyya: shugabanmu Alhaji Sule, babban jami'in safiyo; ni, a lokacin ina mataimakin jami'i mai kula da aikin fili; sai Tanko, shugaban 'yan sarƙa, wato leburorin da ke jan sarƙar awo suna kafa turaku. Tanko ne ya shigo da maganar.

"Ranka ya daɗe, mutanena sun ce ba za su koma Tudun Gawo ba."

"Saboda me?"

"Wani tsoho ne yake tone-tone a cikin filin, yau kwana uku. Sun ce binne-binne yake yi don aikin ya lalace."

Alhaji Sule bai ko ɗago daga taswirar da ke gabansa ba. Ya ce, "Idan asiri ne ai ni zai kama, ni na sa hannu. Ku da sarƙa kawai kuke ja, me zai ci a jikinku?" Sannan ya ce in hau babur in je in gani.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san aikin ba. A shekarun nan birni ya fara tunkarar hanyar Bici, 'yan kasuwar hatsi suna neman wuraren ajiya a wajen Dawanau, ma'aikata suna neman inda za su yi gida. Idan za a yanka sabuwar unguwa, gwamnati takan karɓi gonaki ta biya diyya bisa abu uku: faɗin gonar, amfanin da ke kanta, da itatuwa irin su ɗorawa da kuka da tsamiya. Daga nan mu auna, mu zana taswira, mu raba fulotai, mu kafa turken siminti a kowace kusurwa. Aiki na ƙarshe shi ne na gireda, wadda ke kankare saman ƙasa ta fitar da hanyoyi, ta share wurin kasuwa. A Tudun Gawo an gama komai sai wannan, kuma ran Litinin gireda za ta iso. Ita kaɗai ce mai lafiya a shiyyar duka, man da aka ba mu kuwa na kwana huɗu ne, don lokacin tsuke bakin aljihu ne.

Na isa wajen ƙarfe goma. Na tarar da dattijo ɗaya, dogo, siriri, da fartanya a hannu, jakai biyu suna tsaye da mangala a bayansu. Sunansa Malam Haladu, kuma gonarsa ce ta faɗo daidai inda taswira ta ce za a yi kantuna da tashar mota, wato inda za a kankare gaba ɗaya. Ban ga rami ko ɗaya ba. Saman ƙasar yake ɗebewa a hankali, kamar mai kankare ƙanzo a tukunya.

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sannan na ce, "Baba, an ce mana kana binne wani abu a nan."

Ya dube ni, ya dubi jakansa. "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mana. Jakan nan da kaya suke shigowa, ko da kaya suke fita?"

"Amma ai an biya ka diyya."

"An biya, na karɓa, na dangwala hannu. Fili naku ne. Je ka ƙirga turakunku, ko ɗaya ban taɓa ba. Zo ka tsuguna."

Na tsuguna. Ya tona da yatsunsa har kusan taƙi guda. Ta sama baƙa ce, mai laushi, da ƙananan gutsattsarin gawayi da fasassun kasko a ciki. Ƙarƙashinta rairayi ne ja-ja, wanda ko ka dunƙule shi ba ya riƙe kansa.

Ya ce, "Wannan ta ƙasan ita Allah ya ajiye a nan, ita gwamnati ta karɓa. Ta saman nan kuwa kawo ta aka yi."

Ya yi mini bayanin abin da na taso ina gani amma ban taɓa tsayawa na lura da shi ba. Duk rani, kakansa yakan ɗora wa jaki kara da itace ya kai birni, ya dawo da toka da shara da kashin awaki daga gidajen mutane. Ubansa ya yi haka, shi ma ya yi haka. Bayan girbi kuma su ba Fulani masauki, shanu su kwana a gonar. A ƙasarmu babu filin da za a bar gona ta huta, gida na jikin gida, gona na jikin gona, saboda haka ciyar da ita ake yi kamar yadda ake ciyar da dabba.

"Gonar nan ba ta taɓa hutawa ba ko damina ɗaya," in ji shi, "kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba sai bara. Bara kuwa ba laifinta ba ne, sama ce ta hana."

Na tambaye shi ina yake kai ta. Ya ce surukinsa ya ba shi aron wata jigawa a arewa da nan, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a ƙafa. Rairayi ne zalla. Takin zamani kuwa a shekarar ko a ido ba a ganinsa. Mutum goma sha ɗaya ne ke ci a gidansa, rumbu ya ƙare tun watan jiya, kuma idan ya shuka gero a rairayin nan yadda yake, iri ma ba zai mayar ba. Sawu uku jakan ke yi a yini. Na duba faɗin gonar, na duba ɗan abin da ya kankare a kwana uku, na ga kafin Litinin ko ushirinta ba zai kwashe ba.

Da azahar na koma ofis na faɗa wa Alhaji Sule yadda muka yi. Mutumin Gezawa ne, ɗan manoma, amma ba ya son a ga haka a fuskarsa. Ya jawo takardar diyya ya miƙo mini.

"Karanta. Akwai gurbin ɗorawa?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Gurbin kuka?"

"Akwai."

"Gurbin taki fa?"

"Babu."

"To, abin da ba shi da gurbi ban ji shi ba. A doka, ranar da ya dangwala hannu, ƙasa da abin da ke cikinta sun bar hannunsa. Ba zan ɗaga ranar gireda ba, wasu na jiranta." Ya fara naɗe taswira. Can ya ce, "Takardar umarnin aikin, me ta ce a yi da ƙasar da aka kankare?"

Na duba. "Cewa ta yi a kawar da ita."

"Ta faɗi inda za a kai ta?"

"Ba ta faɗa ba."

"To me kake tsaye kana yi a nan?"

Ran Litinin da ƙarfe bakwai gireda ta iso. Direbanta Malam Isa ne, mutum mai barkwanci, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa ta. Na ce masa ina so ya kankare gonar Malam Haladu sama-sama, ya tara ƙasar wuri ɗaya a bakin burtali, wajen iyakar taswira, inda jakai za su ci gaba da ɗiba bayan mun tashi.

Ya ce, "Wato yau noma aka ɗauke ni. To a gaya wa tsohon, ni ba na aikin gayya sai da fura."

Ya sauke wuƙar gireda ya yi zubin farko. Bai kai ƙarshen gonar ba sai ga Malam Haladu a guje yana ɗaga hannu.

"Tsaya, mai ƙarfe, tsaya! Ka haɗa mini gari da tsakuwa!"

Wuƙar ta nutse da yawa, ta tono jan rairayin ta gauraya shi da baƙar ƙasa. Malam Isa ya leƙo ya ce, "Baba, ai ido ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa."

"Naka ne ba ya gani. Biyo ni."

Abin da na gani daga nan shi ne dalilin wannan labari. Tsohon ya shiga gaban gireda yana tafiya, hannunsa na dama a sama, yana nuna zurfi. A kan tudu ya haɗa yatsu huɗu. Da aka gangaro ya buɗe taƙi. Kusa da gindin gawo, inda ganye ke zuba shanu kuma ke sha inuwa, ya nuna daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Malam Isa yana ɗaga wuƙa yana saukewa, idonsa a kan hannun nan. Ni ina biye a baya ina duba sawu, kuma duk inda suka wuce, jan rairayi ne ke bayyana fes, babu baƙi a kansa, babu ja a cikin abin da aka ture. Muna da na'urar duba tudu da kwari a ofis, muna da taswira mai layuka, amma babu takarda ɗaya a wurinmu da ta san abin da hannun nan ya sani.

Da rana ta take, matar Malam Haladu ta aiko da fura a ƙwarya. Malam Isa ya sha ya goge baki ya ce, "Baba, da ka zo ofishinmu da tuni ka zama injiniya."

"Da na zo ofishinku, wa zai noma abin da za ku ci?"

Aikin da aka ƙiyasta wa rabin yini ya ci yini ɗaya da rabi. Ran Alhamis mai ya ƙare, hanya ɗaya ta gefen arewa ba a share ba. Aka ba ni takardar neman ba'asi, na amsa da gaskiyar abin da ya faru, Alhaji Sule ya rubuta a ƙasanta cewa aiki ya bi umarni. Duk da haka ƙarin girma na shekarar ya tsallake ni.

Tulin ƙasar ya kai tsawon ajin makaranta biyu. Ran Asabar maƙwabta suka yi masa gayya da jakai goma sha biyu. 'Yan sarƙar nan da suka ce asiri ne, biyu daga cikinsu sun zo da shebur, Tanko ma ya zo yana cewa shi dama bai yarda da zancen ba. Aka yi ta jigila har ƙarshen watan Mayu. Ruwan farko ya zo da ƙarfi cikin dare ɗaya ya janye kusan sulusin abin da ya rage zuwa kwari. A ƙiyasina, rabin ƙasar ce ta isa jigawa.

Da kaka na je na gani. Daminar ma ba ta cika ba, amma ba sai an nuna maka inda ƙasar ta tsaya ba. Inda aka baza ta, gero ya wuce kaina. Taku ɗaya gaba, bai kai gwiwa ba. Malam Haladu ya ce abin da ya samu zai kai su watan bakwai, sauran kuma Allah na nan. Ya ɗaura mini dami guda a bayan babur, na yi-na yi ya ƙi saukewa.

Yanzu idan na bi ta Tudun Gawo nakan rage gudu. Akwai masu sayar da siminti, da masu faci, da injin niƙa, da rumbunan wake da ake lodi dare da rana. Mutane da yawa suna cin abinci a wurin, kuma ban ce kuskure aka yi ba. Ni kaina gidan da nake zaune gonar wani ce. Sai dai nakan tuna yadda wurin yake idan ka tsaya a kan tudun a watan Agusta: gonaki a jere kamar an shimfiɗa tabarmi, gamba ta raba wannan da waccan, gyaɗa da wake a ƙarƙashin dawa, ɗorawa nan, gawo can, jakai suna dawowa daga birni a layi, ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Na auna wurin nan taku-taku, na san faɗinsa da tsawonsa har yau, amma sau ɗaya tak na tsuguna na taɓa shi, shi ma sai da aka ce in tsuguna.

Abin da nake gaya wa na baya ke nan. Aikinmu yana auna tsawo da faɗi, kuma dole ne ya auna su daidai, don mutane za su yi gini su yi shari'a a kan layin da muka ja. Amma mai gona yana da wani awo da ba ya shiga takarda. Kafin ka kafa turke, ka tambaye shi abin da ya sa a wurin. Sau da yawa ba hana ka aiki yake son yi ba, kuma abin da yake nema ba ya rage wa gwamnati komai.

Bayan shekara goma sha tara, ina shugaban shiyya, sabon yanka ya kai jigawar nan ta arewa. Malam Haladu ya riga ya rasu. Ni na sa hannu a taswirar. Na ɗaga ranar gireda da mako guda, na aika wa mai unguwa cewa duk mai son kwashe ƙasar gonarsa ya kwashe. 'Ya'yan Malam Haladu biyu ne suka rage a garin, ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana dakon buhuna a Dawanau, kuma babu jaki ko ɗaya a unguwar. Mako ya cika ba wanda ya zo. Aka kankare ƙasar, aka yi cikon kwalbati da ita.