Ranar Gayyar Babana

Wata safiyar Laraba, cikin wata damina ta tsakiyar shekarun 1950, ina ɗan shekara tara, na tsaya a bakin gonarmu da ke bayan ƙauyenmu a ƙasar Kiru, da ƙwaryar kunun tsamiya a kaina, ina kallon hanya. Ranar ce gayyar Babana. Kurkunu ya kwantar da shi tun bayan shuka, ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum, kullum Inna na naɗe tsutsar a jikin ɗan kara a hankali don kada ta katse. Dawarmu ta fito da kyau, amma ciyawa ta fi ta sauri, harƙiya har ta fara shaƙe ta. Ko ni da nake yaro na san in ba a nome gonar nan a makon ba, bana rumbunmu ba zai ga abin kirki ba.

A lokacin, wanda aiki ya fi ƙarfinsa gayya yake kira. Maza su zo da fartanyoyinsu, mai gangar noma yana zuga su, mai gona kuwa nasa abinci ne kawai. Ba a biyan kowa, amma kowa ya san wanda ya zo masa. Babana bai taɓa fashin gayyar wani ba, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, har Inna kan yi masa tsiya cewa gonar mutane ta fi tasa sanin fartanyarsa. Yana da amini, Baba Mati, wanda aka yi musu kaciya tare, kuma shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Shi ya zauna a bakin shimfiɗar Baba ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni zan tara maka mutane." Da wannan magana Inna ta kwaso sauran dawar da ke gindin rumbu, muka yi wuni biyu ana surfe da niƙa, aka yanka zakaranmu guda ɗaya tilo aka zuba a miyar kuka.

Hantsi ya yi, rana ta take, ko mutum ɗaya bai ɓullo ba. Can sai na jiyo ganga daga yamma. Na ajiye ƙwaryar na ruga, ina zaton makaɗi ne ya ɓata hanya. Ashe wani attajiri mai sayen gyaɗa daga Bebeji ne ya sa tasa gayyar a ranar, ya kayar da sa, ga goro ana rabawa. Duk mazan ƙauyenmu suna can, kuma wanda ke gaba, makaɗi na yi masa kirari, Baba Mati ne. Muka haɗa ido. Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa kamar bai taɓa ganina ba.

Tuwon da Inna ta tuƙa sai gidajen maƙwabta aka rarraba shi don kada ya lalace, matan waɗanda ba su zo ba su suka ci. Ni da Inna muka shiga gonar, daga baya kawuna ya zo daga Tudun Wada ya taya mu, abin da muka ceto bai kai rabi ba. Kafin wata kakar mun ci tafasa da rogo har mun gaji, Inna ta sayar da tasoshinta na aure. Baba kuwa ya hana a ta da zancen a gidan.

Bayan girbi Baba Mati ya yi sallama, da rake a hannu. Ina da ƙanwa, Ladi, a lokacin shekararta huɗu, ko makarantar allo ba a kai ta ba, kuma a da a kafaɗarsa take wuni. Ya miƙa mata raken, sai ta mai da hannuwanta baya, ta dube shi ta ce, "Ba ka zo ba." Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na ji malamai da yawa suna cewa sanin daidai da rashin daidai koya wa yaro ake yi. Ban musa ba, amma Ladi babu wanda ya koya mata. Ta ga an yi alkawari, ta ga tuwo ya huce, ta ga idon Inna. A ganina Allah ya halicce mu da wannan ma'auni a ƙirji, manya ne suke koyon yadda za su kawar da kai daga gare shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da wata daminar ta zagayo. Baba Mati ya kira gayya, sai na ga Babana ya saɓi fartanya yana ɗingishi. Na sha gabansa na ce, "Baba, shi fa bai zo mana ba." Ya ce, "Na fi ka sani. Amma in na zauna yau, gobe wani ma zai zauna, jibi babu gayya a garin nan." Ya wuce. Ranar na ji kamar shi ma ya ci amanarmu, ni da Inna da tasoshinta. Ya nome kunyarsa ya dawo, sai dai ban sake ganin su biyun sun ci a akushi ɗaya ba har suka bar duniya.

Yanzu in na je gida sai in tarar ana feshin maganin ciyawa, mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago, marar hali ya zuba wa gonarsa ido. An daɗe ba a ji gangar noma ba. Babu wanda zai ƙi zuwa gayyarka, domin babu wanda ya ce maka zai zo. Har yau ban yafe wa Baba Mati ba, amma ina kewar zamanin da yaro zai tsaya a bakin gona yana kallon hanya, yana da yaƙinin mutane na tafe.