Neman 'Yan Wasa Gida-Gida

Shekarar da manyan 'yan wasanmu na ƙwallon kwando suka koma wata ƙungiya a Stratford, ni koci aka bar ni a unguwar Barking ta Landan da ƙwallaye da fili fayau. Raina ya ɓaci. Na rantse na daina bin masu suna, samari zan ɗauko in raine su.

Amma ɗan Bahaushe ba a ɗaukarsa a filin wasa, ko a Landan aka haife shi. Sai ka je gida, ka cire takalmi, ka gaida iyaye. Haka na yi ta hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas kamar mai neman aure. Wata Hajiya a Plumstead ta bar ni a durƙushe, ta ce, "Malam, ɗana likita zai zama, ba ɗan tsalle-tsalle ba." Da ƙyar ta ba ni aronsa.

Mun sha kashi har muka gaji, kafin yaran su goge. Ranar da muka ci kofi, ɗanta ne ya jefa ƙwallon ƙarshe. Sai ga Hajiya ta keto fili, mayafi na jan ƙasa, ta nuna ni da yatsa: "Malam, yaushe za ka zo ɗaukar ƙaninsa? Ya fi shi tsawo!"