Baba Kanta da Shebur ɗin Ɗan Takara

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Alhaji Mamman Na-Dayi hannu ya san ba a karɓar hannun nan da wuri. Sai ya riƙe shi, ya juya tafin sama, ya sa babban yatsa ya murza kamar mai zaɓen tumatir a kasuwar Danja. In ya ji kanta sai ya ce, "Madalla, ina gajiya?" In kuwa ya ji laushi sai ya saki, ya ce, "Sannu da hutawa." Shi ya sa samarin unguwarmu a Funtuwa suka sa masa Baba Kanta, kuma har ya bar duniya wasunsu in sun hango shi sai su cusa hannu a aljihu su gaishe shi da ka.

Tare muka taso da shi a Dayi. Ni fatauci ya ja ni Kumasi da Abijan da Omdurman, shi kuwa noman masara ya riƙe shi. In ka ɗebe aikin Hajji, bai taɓa wuce Zariya ba, daga Hajjin ma da ya dawo abin da ya fi ba mu labari shi ne bai ga kwata ko ɗaya a toshe ba. Ranar da na dawo gida gaba ɗaya, kafin ya tambaye ni hanya sai da ya juya tafina.

"Harsuna nawa ka ce ka iya, Alhaji?"

"Faransanci da Larabci da yaren Asante."

"Da wanne ake yashe kwata?"

Kwatar da yake nufi kun san ta, lambatun nan da ya taso daga bakin kasuwa ya bi ta bayan gidansa ya faɗa rafi. Duk bazara sai ya cika da leda da ɓawon rake, kuma da yake gidan Mamman ne a gangare, in ruwan farko ya sauko ɗakin matarsa Hajiya Rabi yake fara yi wa sallama. Saboda haka kowace shekara kafin damina sai ya kira gayya. Sai dai gayyar birni ba irin ta ƙauye ba ce. A Dayi in an ce gayya, kafin hantsi gona ta cika. A Funtuwa sai ya bi majalisa majalisa, daga teburin mai shayi zuwa shagon cajin waya, yana tsinto samari ɗaya ɗaya kamar mai kalar gyaɗa.

Ga shi da maƙo, Allah ya jiƙansa. Kowa ya san wanda ya kira gayya shi ke ciyarwa. Na ce masa, "Na-Dayi, a Sudan in an yi irin wannan aiki, nafir suke ce masa, rago ake kayarwa. A Kumasi ma in an buga ƙuge an fito, ba a rasa abin taɓawa."

Ya kalli cikina ya ce, "Na ga alama duka ka halarta."

Abin da yake bayarwa rake ne, ɗauri guda daga Danja, shi ma sai an gama, kuma da wuƙarsa yake yankawa gaɓa gaɓa don kada wani ya samu mai tsawo. Wata shekara yara suka gama yasa, suka zauna a bakin lambatun suna shan rakensu suna tofar da tuka a ciki. Ya bari sai da suka shanye. Sannan ya miƙe ya ce, "To, bisimilla. Ku koma ku kwaso abinku." Daga shekarar nan da buhu yake zuwa, kowa ya tofa a ciki, ya kai gida a shanya a hura wuta.

Kada a ce wahalar banza yake ba su. Manoman Bakori in suna neman mai kula da gona, ko masu sito in suna neman wanda za su damƙa wa makulli, ko magina in suna son yaro mai koyo, wurin Mamman suke zuwa. Bai taɓa tambayar kowa takarda ba, waɗanda suka fito gayya su yake turawa. Na san mutum uku da suke riƙe da iyali yau ta wannan hanya, kuma dukansu sun zage shi a ɓoye lokacin da suke cikin kwata.

Abin da ya hana shi sakat shi ne hannun da ya fi kowane laushi a unguwar a gidansa yake. Bashir, autansa, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna jiran aikin ofis. Yaron ba malalaci ba ne, kullum yana yawo da ambulan ɗin takardun neman aiki. Amma shiga lambatu, ya ce sam. Sai ya kafa ƙungiya don a taimaki al'umma a tsare, irin na masu ilimi. Na halarci taronsu na farko. Akwai shugaba, akwai mataimaki na ɗaya da na biyu, akwai sakatare da ma'aji da mai binciken ma'aji, akwai jami'in hulɗa da jama'a. Mamman ya saurara har aka gama gabatarwa, sannan ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe shugaba, ina jama'ar?"

Ashe duk wanda ke wurin yana da muƙami. A Abijan na ga irin wannan ƙungiya, amma su aƙalla sukan bar mutum ɗaya ya yi tafi.

Ana cikin haka zaɓe ya matso. Wani ɗan takara, ba sai na faɗi suna ba don irinsu duk kamarsu ɗaya, ya ji labarin matasan ƙungiyar Bashir masu aikin sa kai. Ya aiko da riguna masu hotonsa, ya zo da kansa da shebur sababbi ful, kowanne an ɗaura masa ƙyalle. Aka jera samari a bakin lambatu, kowa ya riƙe shebur, aka yi jawabi kan matasa manyan gobe, aka ɗauki hoto. Ana gamawa sai yaran ɗan takarar suka fara karɓe shebur ɗin suna mayarwa bayan mota, don akwai wata unguwa a Malumfashi da za a ba su kyautarsu da la'asar.

Mamman ya taso a hankali, yana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, a bari dattijo ya sa albarka."

Ɗan takara ya washe baki, mai hoto ya gyara tsayuwa. Mamman ya karɓi shebur na farko, ya yi bisimilla, ya luma shi cikin baƙin taɓon nan har ƙota, ya zaro, ya miƙa wa direba. Ya karɓi na biyu. Haka ya bi su duka, wari ya tashi, direba yana ja da baya yana kallon kafet ɗin motarsa. Babu wanda ya isa ya hana tsoho addu'a a gaban kyamara.

"Bar musu, bar musu," in ji ɗan takara da hankici a hanci.

Mamman ya ce, "Allah ya saka da alheri. Baro ma in an kawo, zan sa masa albarka."

Ba a kawo baro ba, kuma motar ba ta sake shigowa unguwarmu ba. Shebur ɗin kuwa suka zauna a zauren Mamman.

Rannan da yamma na ji su da Bashir, don yaron ya ji kunyar abin da aka yi wa baƙonsa.

"Baba, masara kuka sayar kuka kai ni jami'a. Don in shiga kwata ne?"

"Na kai ka don ka san ruwa gangare yake bi. In ya shigo ɗakin uwarka ka nuna masa digiri."

"Aikin sa kai ba ya sayen sabulu, Baba. Masu cewa mu yi, 'ya'yansu suna ofis."

Da yaron ya fita sai Mamman ya ce mini, "Ya faɗi gaskiya, Alhaji. Mun ce su yi karatu, sun yi, mun bar su a kan benci. Amma benci cin mutum yake yi. Ni dai in taɓa hannun yaron nan in ji wani abu kafin in tafi." Sai ya ga ina kallonsa, ya ce, "Kai kuma naka hannun na fid da rai."

Bai samu ya ji ba. A bazarar bana ya rasu bayan gajeriyar jinya, lambatu a cike maƙil, bai kai ga kiran gayya ba. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, hadari ya haɗo ta gabas, Hajiya Rabi ta sa an fara ɗora kayanta a kan gado. Muka duba babu saurayi ko ɗaya a wurin zaman, har Bashir. Dattawa suka fara abin da muka fi iyawa, wato zagin yaran zamani. Sai wani ya leƙa zaure ya ce shebur ɗin ba sa nan.

Na zagaya bayan gida. Shugaban ƙungiyar yana cikin taɓo har gwiwa, mataimaki na ɗaya da na biyu suna jan buhu, jami'in hulɗa da jama'a yana amai a gefe. Ba riga mai hoto, ba mai ɗaukar hoto, ba wanda ya yi musu alkawarin ko gaɓar rake. Bashir ya hauro ya miƙo mini hannu. Ban san lokacin da na juya tafin ba. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

"Baba Alhaji, ya yi?"

Na ce, "Da ubanka ne cewa zai yi da saura."

Ya yi dariya, ya share ido da gefen hannu, ya koma ciki. Ruwan ya sauko kafin magariba, ya bi lambatu ya wuce rafi, bai leƙa ɗakin Hajiya ba.

Allah ya jiƙan Mamman, ya yafe masa kurakuransa, ya sa abin da hannunsa ya aikata ya tarbe shi. Yaran nan kuma Allah ya buɗa musu ƙofar abin yi, ya sa bororon nan ya zama kanta.