Odinatar Habibu da Aka Goge

A shekarar 2011 Malam Sulaiman ya fara ganin Habibu, a tashar Tasawa, rungume da odinata, wato kwamfuta, a ƙirji. Lokacin Malam ya ajiye koyarwa, yana sakataren ƙungiyar manoman Hawandawaki. Habibu ɗan garin ne da ya yi karatu a Yamai. Shi ya rubuta musu manhajar rabon iri da taki, wadda ta san gonar kowa da abin da ya shuka bara. Kowace bazara yakan zo ya gyara ta, ya sha fura, ya koma. Ba shi da yawan magana, sai tari.

Bana tarin ya tafi da shi, gab da saukar ruwa. Manhajar kuma ta tsaya, ta ƙi karɓar sabuwar shekara. Wani mai gyara ya ce sai da rubutunta na asali, wanda ke cikin odinatar marigayi. In babu shi, a koma rabo da ka, da rigimar da Malam ya tsufa yana sasantawa.

Malam ya bari aka yi sadakar bakwai, sannan ya je gidan marigayin. Mas'udu, wan Habibu, ya fito da odinatar a lulluɓe.

"Baba, taku ce, sadaka. Rigunansa mun wanke kafin mu bayar, ita ma na kai kasuwa an goge ta tas, ba a bar komai a ciki ba. Ba a ba mutum kayan mamaci da dauɗa."

Malam ya yi godiya. Ya koma gida a hankali, gwiwoyi na ciwo, yana tunanin zamanin da allo da alli suka ishi mutum.

Ranar kasuwa wata malamar lissafi da ta ji labarin ta zo wurin Malam daga Mayahi, sunanta Zalika.

"Baba, rubutun bai ɓace ba. Akwai shi a intanet, kuma Habibu ya daɗe da ba ni ikon shiga. Shi ya koya mini aikin, duk hutu."

"Ƴata, me ya haɗa ku?"

"A gidanmu ya zauna da yana kolej. Shi da babanmu tare suke cin tuwo, a kwano ɗaya. Bayan rasuwar babanmu ya fara koya mini."

"Ya ce don rama alherin babanku ne?"

"Bai taɓa cewa ba. Kuma bai taɓa yarda na yi masa godiya ba."