Tsokar Yaya Hadiza a Cikin Kula

Tawa zuwa Doso

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motarmu ta bar Tawa. A cinyata akwai kular ƙanƙara, cikinta ɗan dunƙulen kakin da aka rufe tsokar huhun yayata Hadiza a ciki. Tana da ciwon daji. Awon farko ya ce babu wani sauyin ƙwayar halitta a ƙarin, alhali sai da sauyin nan ake ba mutum maganin haɗiya mai sauƙi. Likitanta bai gamsu ba, ya ce in kai Yamai a sake.

Ni ɗan kasuwar albasa ne, a sanina duk nama ƙanƙara yake so. Ban tambayi kowa ba.

A shingen Kwanni jandarma ya ce, "Malam, mi ke ciki?"

"Yayata ce," na ce. Ya dube ni, ya maido mini katina na shaida.

Kafin Doso ƙanƙara ta zama ruwa, takardar likita da na sa cikin kular ta jiƙe sharkaf. Shinkafar da na saya ko loma ban kai baki ba.

Yamai

Ƙarfe huɗu muka iso, wajen kilomita ɗari biyar da hamsin. Na sauka gun Kawu Idi a Katako. Da safe na kai kayan labo, wato ɗakin awo.

Ma'aikaciyar, Madam Ramatu, ta tsamo kakin tana dariya. "Wa ya ce ka sa mai ƙanƙara? Kifi ne? Ka gode Allah lambar Yayarka da ke jikinsa da fensir aka rubuta ta, ba ta goge ba."

Na tambaye ta yadda awo zai yi kuskure. Ta ce hanyar farko ba ta ganin sauyin sai ya yi yawa, kuma tsokar Yaya yawancinta lafiyayya ce. Tasu hanyar ko kaɗan ne tana kamawa. Nan na gane: kamar mai duba bakin buhu ne ya ce albasa duk lafiya.

Kwana tara na yi ina safa da marwa tsakanin Katako da labo, har mai gadi ya daina amsa sallamata. Ran na goma Madam ta maido mini da kakin ta ce, "Akwai sauyin. Mun maimaita sau biyu."

Gida

Na iske Yaya zaune a tabarma, ta ƙara ramewa. Na ce, "An samu, za a ba ki na haɗiya."

Ta yi hamdala, sannan ta ce, "To ina sauran naman nawa?"

Na ciro shi daga aljihun gaban rigata, a bushe. Allah ya saka wa mai fensirin nan da alheri.